Kafin Nono Ya Sauko

Ƙarfe uku saura kwata a Levenshulme.
Hita na ƙas-ƙas a jikin bango,
yayyafi na lasar gilashin taga.
Lawandi na wajen aikin dare,
daga ni sai Zinnira, sai fitilar titi.

Ta lalubo, ta kama.
Nan take wani abu ya tsinke a ƙirjina,
guga ce ta kufce daga igiya,
ina jin tafiyarta, ban ji ta taɓa ruwa ba.
Ba wanda ya zage ni. Ba abin da ya ɓata.
Amma kamar an aiko mini da saƙon rasuwa
aka manta a faɗi sunan mamacin.

Na ƙirga: ɗaya, biyu, har sittin da 'yan kai.
Sai nonon ya tsatso,
ɗaya ɓarin ma ya jiƙa mini riga,
baƙon ya naɗe tabarmarsa
ya fice ba sallama.
Gaɓoɓina suka saki,
ƙishi ya taso, na shanye gora guda,
na sunkuya ina shinshinar maɗigarta,
barci mai zaƙi na jan fatar idona.
Da za a ce in ba ta idon ma, da na cire na bayar.

Duk wannan mace ɗaya ce?
A cikin minti uku na yi zaman makoki, na yi suna.

Kwana goma sha tara ina ɓoyo.
Na ce ko shaiɗan ne, na nemi tsari.
Na ce ko ni ce uwar da ba ta son 'yarta,
wannan kuwa ko matashin kai ban gaya wa ba.

Ran Talata Moira ta zo, ma'aikaciyar lafiya,
ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa tun ban roƙa ba,
ta ɗora Zinnira a sikeli, ta rubuta,
sannan ta juyo: “Ke fa?”
Sai bakina ya suɓuce.

Ko ido ba ta zaro ba.
Ta jawo ambulan ɗin kuɗin wuta,
ta ja layi biyu a bayansa, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka.
“Wannan sinadarin shi ke kiran nono.
Kafin ya hau, sai wancan ya ba shi hanya,
shi kuwa wancan ne ke riƙe miki da walwala.
Wasu matan nasu a hankali yake sauka,
ke naki faɗowa yake.
Masu gadi ne ke canjin aiki a jininki,
ba ruwan ƙauna a ciki.
In ya daina tafiya, in ya wuni ya kwana,
ga lambata.”

Da yamma na kira Inna a Malumfashi.
Na ɗauka faɗa za ta yi.
Shiru, har na duba ko layin ya yanke.
Can ta ce, “Da ke na yi shi.
Ina jegonki, ga tukunyar ruwan zafi, ga ganyen runhu,
ga kakarki tsaye da kunun kanwa,
duk sa'ar da na ɗora ki sai hawaye.
Na ce musu hayaƙi ne.”
Shekara talatin da ɗaya
itacen girki ke ɗauke da laifin.

Nan ba murhu, ba hayaƙin da zan laƙa wa.
Yanzu in ta kama, in na ji igiyar ta saki,
sai in ce masa, ka iso? To, zauna.
In kafe ido a agogon kicin,
in riƙe ɗan ƙafarta a tafin hannuna,
ina ƙirga.
Jiya a hamsin da biyu ya tashi.
Bas ɗin farko na wucewa ta Stockport Road
ta saki nonon, da ɗigo ɗaya a haɓarta.